Ƙasar Titi a Bakin Ƙofa

Ni na ɗauke Ɗalhatu daga kan kwalta ranar da tirela ta buge shi a kwanar shiga Challawa, don haka kar wani ya ce labarin ji-ta-ji-ta nake bayarwa. Shekara tara muna aiki tare a kamfanin fata. Ƙafarsa ta dama ta karye gida biyu.

Mahaifinsa Malam Labaran ne ya fara kuskure. A ofishin 'yan sanda direban yana ta kuka, tsoho ya ce ƙaddara ce, sun yafe, har ya dangwala hannu. Kuma maimakon asibiti, gidan mai ɗori aka kai shi. Ƙafa ta warke da ɗingishi, kamfani ya sallame shi. Da ya je neman diyya, lauya ya ce ina takardar asibiti, ina hoton ƙashi? Babu ko ɗaya.

"Baba, kun yafe ƙafar da ba taku ba," ya ce wa tsohon a gabana. Maganar ta yi min zafi, amma na san an cuci Ɗalhatu. Ina ma a nan ya tsaya.

Akwai wani boka a hayin kogi. Ɗalhatu ya same shi da rana tsaka, shi ya ba ni labari da bakinsa daga baya. Ɗakin babu taga, sai ƙarnin jini. An rataye tsofaffin lambobin mota a bango, ga takalma wari-wari a jere, irin waɗanda ake tsinta a wurin hatsari.

"Haƙƙina nake nema," in ji Ɗalhatu.

"Mai neman haƙƙi kotu yake zuwa. Faɗi abin da ya kawo ka."

Sai ya ce, "So nake in daina yi wa kowa aiki har in mutu."

"Yanzu ka yi magana. Ɗebo ƙasa daga inda jininka ya zuba, ka barbaɗa a bakin ƙofarka. Titi zai biya ka."

"Ku fa, me zan ba ku?"

"Ko sisi. Tsakaninka da titi ne."

"Ba dai rai ba?"

"Ka ji na ambaci rai?" Boka ya kama baƙar kaza, ya karya mata ƙafar dama, ya wurga ta waje.

Sati uku kacal, 'yan inshora suka neme shi da kansu, suka biya shi ninkin abin da lauya ya taɓa ambata. Ya rushe gidansu na ƙasa ya ɗora bene a wurin, ya zuba adaidaita sahu uku a hanya. Har an fara ce masa Alhaji.

Wata Juma'a Malam Labaran ya fito zai tafi masallaci, tifa ta ƙwace ta murƙushe shi a bakin ƙofa, a lungun da ko mota ba ta cika shiga ba. Diyya ta zo ba tare da an nema ba. Ɗalhatu ya karɓa. Wannan ne abin da har yau na kasa yafe masa, domin a lokacin ya riga ya gane.

Saura 'yarsa Badi'a, mai shekara bakwai, ita kaɗai Allah ya ba su. Ya koma wurin boka yana roƙon a kwance.

"Ka kwashe ƙasar," in ji boka.

"Na zuba kankare a kai."

"To titi ya zama ɗan gida."

Ya cire yarinyar daga makaranta, ya hana ta ko leƙa waje. Wata huɗu tana kulle. Ranar da ajali ya zo, direbansa ne yake ja da baya a tsakar gida, bai gan ta ba tana tsugune tana tuwon ƙasarta. Nan ma 'yan inshora suka sake aiko da takardar diyya.

Matarsa Zuwaira ta zautu. Kullum tana durƙushe tana kankare simintin ƙofa da farce har jini, tana cewa tana jin hon ɗin mota a cikin ɗaki. Shi kuwa je ka kwanar Challawa, za ka gan shi zaune a tsakiyar kwalta yana ɗaga wa tireloli hannu su zo. Shekara biyu ke nan, duk suna kauce masa.

Kai da aka buge, je asibiti, riƙe takardunka, nemi haƙƙinka ta hanyar da Allah ya halatta, ko da kaɗan ne. Ɗalhatu ƙafa ɗaya ya rasa a titi. Sauran duka kwaɗayi ne ya sa ya kai da hannunsa.