Mai Taka Kulochi

Da la'asar aka kai Sharfaddeen makwancinsa, amma Nagoda, abokin aikinsa a garejinsu na Tudun Wada, bai je ba. Mai wata mota ne ya tsare shi, wai da asuba zai kama hanya. Nagoda ya ce wa kansa gobe zai je gaisuwa.

Har aka yi isha'i kulochin motar bai kama ba. Ya cika wa kulochin man birki, amma da an taka sai ya zube ƙasa sakayau. Iska ce a layin man, cire ta kuma sai mutum biyu: ɗaya yana takawa, ɗaya yana kwance noti a ƙasa.

Yana kwance ƙarƙashin motar da sifana, sai ya ji ta ɗan nutsa, kamar an zauna. Ya ɗauka maigadi ne.

"Yawwa Baba, taimaka ka taka. In ka danne, ka gaya min."

Aka taka, aka taka, aka danne. Ba a yi magana ba, sai aka ƙwanƙwasa jikin ƙofa da yatsa. Nagoda ya kwance notin, iska ta fito fuuu, mai ya biyo baya.

Sannan hannunsa ya tsaya. Mutum ɗaya ne ke ba shi alama haka: Sharfaddeen. Kuma bai ji an buɗe ƙofa ba. Ƙamshin kafur ya danne warin mai.

Daga sama, a hankali, muryar ta ce, "Ɗaure notin, Nagoda, na riƙe maka. Ɗazu ban gan ka a sahun jana'iza ba."