Fuskar Dogo a Hannun Barkono

Da faɗa suka fara. Barkono ta tsamo fata daga ruwan ɗumi ke nan, hannuwanta jiƙe har gwiwa, sai wani dogon saurayi ya sunkuyo ya shigo shagon, ya ajiye wata fuskar fata a kan teburin aikinta.

"Wannan ta matse mini hanci," in ji shi. "Ina tsakiyar wasa numfashi ya gagare ni."

Ta ɗauka ta jujjuya. Aikinta ne, amma hancin ya lotse.

"Wa ya zauna a kanta?"

Ya sosa ƙeya. "Ni ne. A mota."

"To ai kai ka matse nata hancin, malam. Ka san wahalar da na sha kafin ya tsaya?"

Maimakon ya ji haushi sai ya yi dariya, dariyar kuwa ta ƙara tunzura ta. Ba banza ake kiran ta Barkono ba. Mahaifinta baduku ne, yana ɗinka jakunkuna da takalma a gaban shagon, ita kuma ta kama lungun baya tana ƙera fuskokin fata da 'yan wasan kwaikwayo ke sawa a dandali. Saurayin ɗaya ne daga cikinsu, Dogo suke ce masa.

Ta ce sai dai a yi sabuwa. Ta auna goshinsa da kumatunsa tana harararsa, ta sassaƙa fuskarsa a katako, har da wani tsagi da ta ƙara a kuncin hagu don ya fito a mugun da zai taka. Sannan ta jiƙa jemammiyar fata ta yi laushi, ta miƙe ta a kan katakon, ta kafe gefuna da ƙananan ƙusoshi, ta bi ta da ƙaho tana murzawa har kowane lungu ya fito. Aikin ba ya jira. In fatar ta bushe kafin a gama, ta lalace.

Dogo kuwa kullum sai ya zo "duba aiki". Aikin ya ƙare, zuwan bai ƙare ba.

Ran nan saƙonsa ya shigo wayarta: "Barkonona, yau ba ki yi mini faɗa ba. Lafiya kuwa?"

Ta rubuta: "Kar ka ƙara ce mini taka." Ta jima tana kallon wayar, sannan ta ƙara: "Ka ci abinci?"

Da maganar aure ta taso, Baba ne ya fara taka musu birki. "Ban yarda ba," ya ce, bai ko ɗago daga ɗinkinsa ba. "Mutumin da sana'arsa ita ce ya zama wani, yaushe za ki san ranar da yake shi kansa?"

"Baba, ni nake yi musu fuskokin."

"Ki yi musu fuska. Ban ce ki ba su 'yata ba."

Ta koma lungunta ta huce a kan ƙusoshi.

Ana cikin haka Dogo ya roƙi aron katakon fuskarsa. Ya ce zai nuna wa Darakta, shugaban ƙungiyarsu, ko ya ba ta aikin sabon wasa gaba ɗaya. Ba ta so ba, don Daraktan nan ya taɓa neman ta, ta sallame shi da kalamai marasa daɗi. Amma Dogo ne ya roƙa, ta bayar.

Wata safiya tana tafiya shago ta ci karo da hoton tallan wasan manne a bango. 'Yan wasa jere, kowa sanye da fuskar roba mai ƙyalli, duk iri ɗaya, kowacce da tsagin nan a kuncin hagu. A ƙasa an rubuta cewa Darakta ne ya ƙirƙiro su.

A nan bakin titi ta rubuta masa: "Na ba ka aikin hannuna, ka kai an zuba shi a roba kamar bokiti. Baba ya faɗa mini, ban ji ba. Kar ka sake tako shagonmu."

Amsa ta zo nan take: "Wallahi ban sani ba, Barkonona. Ki bari in yi miki bayani." Ta toshe lambarsa.

Ranar buɗe wasan ta shirya ta tafi, da niyyar ta tsaya a gaban jama'a ta wanke Darakta tas. Baba ya ga idonta, ya rufe shago ya bi ta, don kada ta jawo abin da ya fi ƙarfinsu.

Aka ɗaga labule. 'Yan wasa suka fito da robobinsu. Dogo ne ya fito ƙarshe, fuskarsa a buɗe, robar a hannunsa.

"Kafin mu fara," ya ce, "wannan fuskar ba ƙirar Darakta ba ce. Wata baduka ce ta sassaƙa ta da hannunta. Ni na karɓo, aka kwafa ba da izininta ba. Ba zan sa ba."

Ya ajiye ta a ƙasa. Zauren ya kaure da surutu, aka saki labule da sauri. Kafin mutane su gama fita, an kori Dogo daga ƙungiyar.

A bakin ƙofa ya same su, rungume da katakon. Katakon ya tsage daga goshi zuwa haɓa.

"Kana jira in tafa maka?" in ji Barkono. "Dubi abin da suka yi masa."

"Laifina ne. Da hannuna na miƙa."

"Da hannunka kuwa. Wawa kawai, kowa ya yi maka murmushi sai ka yarda da shi." Hawaye suka zubo mata, ta share da ƙarfi, tana jin haushin su ma. "Yanzu ina za ka yi wasa?"

"Ban sani ba. Ni dai kada ki ɗauke ni maci amana."

Washegari da Dogo ya zo ya tsaya nesa da shago, Baba ne ya ƙwala masa kira.

"Shigo ka riƙe mata fata. Tun safe take yi wa ƙusoshina faɗa."

Ya shigo ya riƙe. Ta ce ya ja, ya ja ya wuce kima. Ta ce ya sassauta, ya saki gaba ɗaya. Ta zazzaga masa masifa har fatar ta zauna daram a kan sabon katako. Da ta ɗago, ta ga yatsunsa sun yi ja, amma yana nan riƙe da fatar.

"Dogona," ta ce a hankali, "sa hannunka a ruwan sanyi."

Baba ya yi gyaran murya. "Yaro, jiya na ga mutum ya zubar da abincinsa don gaskiya. Ka ce wa manyanka ina jiran su."

Ba a daɗe ba wata ƙaramar ƙungiya ta ɗauki Dogo, fuskokinsu kuma duk daga lungun Barkono suke fitowa. Bayan an ɗaura aure, Baba ya zaunar da su a gabansa, Mama na gefe tana share ido.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Kai kuma, ɗana, Allah ya ƙara maka haƙuri."

"Baba, ni fa?" in ji amarya.

"Ke Allah ya yi wa hannunki albarka. Mijin nan naki kuma ki riƙe shi da kyau, irinsa ba su da yawa."

Ta sunkuyar da kai. A ƙarƙashin mayafi ta lalubo hannun Dogo ta damƙe, suka ce amin tare.