Kujerar Abba

"Me ka yi mata?!"

Muryar Auta ce ta cika garejin, har mai walda da ke can gefe ya ɗaga gilashin fuskarsa yana leƙe.

Bakaniken ya zamo daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu da tsumma, murmushi har kunne. Shi a zatonsa yabo ne ke tafe.

"Me kuwa na yi banda alheri, Autata? Batir sabo fil na sa mata, na juye baƙin mai, na ɗaure bel ɗin nan mai kukan jariri. Tayar da ita ki ji... wallahi kamar kyanwa tana barci!"

Auta ko kallonsa ba ta yi ba. Tana zaune a mazaunin direba, yatsarta a kan wani ɗan maɓalli da ke jikin ƙofa, mai lamba ɗaya. Ta danna. Shiru. Ta sake dannawa da ƙarfi har farcenta ya yi fari. Kujerar ko gezau.

"Au, wannan?" Ya yi 'yar dariya. "Ai tsofaffin motocin nan, da an cire batir sai su manta yadda aka ajiye kujera. Aikin minti biyu ne. Gyara zamanki mu sake..."

"Ba zamana ba ne, Likita!" Ta ɗauke yatsarta daga maɓallin. "Na Abba ne..."

Tsumman ya suɓuce daga hannunsa.

Dattijuwa suke kiran motar a gidansu. Doguwa ce baƙa, mai kujerun fata da katako mai sheƙi a gabanta, irin wadda a zamaninta in ta wuce sai an waiwaya. Abba ya saye ta Auta tana koyon tafiya. Yanzu mitarta ta haura kilomita dubu ɗari huɗu, tana shan mai babu tausayi, gilashin baya ɗaya kuma ya daina rufuwa gaba ɗaya. Amma ita ce dai ta haɗa Auta da wannan saurayin, ranar da ta mace mata a tsakiyar titi bara. Duk bakaniken da ya leƙa sai ya ce a sayar wa masu ɓalle kayan mota. Shi kuwa sai ya kafa doguwar sukundireba a jikin injin, ya kara kunne a mariƙinta, ya lumshe ido, ya ce, "Zuciyarta lafiya lau. Kulawa kawai take so." Tun ranar take ce masa Likita. Tun ranar kuma tata zuciyar ta daina jin magana.

Sai dai akwai abin da ba ta taɓa gaya masa ba.

Shekara uku ke nan da rasuwar Abba. Kullum in Auta ta dawo daga makarantar da take koyarwa, kafin ta fita daga motar sai ta danna lamba ɗaya. Kujerar ta ja baya a hankali tana ɗan gunji, sitiyari ya motsa, madubi ya karkata, komai ya koma yadda Abba ya bar shi. Da safe Umma ta fito da kofin shayinta, ta shiga gefenta na da, ta yi ta ba kujerar labarin gida. Minti goma kacal. Daga nan take samo ƙarfin wunin ranar.

Auta ta zayyana masa wannan tana sharar hawaye da bayan hannu.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?" ya tambaya a sanyaye. "Da na jona mata ƙaramin batir kafin in cire nata. Da ba abin da ya goge..."

"In ce maka me? In ce uwata tana hira da kujera? Ka riƙa yi mana wani irin kallo?"

"Haba, sanyin idona! Ni?"

"Asabar ɗin nan fa za ka zo gaishe ta karon farko! Yaya dama cewa yake ina ni ina bakanike. Umma kaɗai na dogara da ita. Yanzu in ce mata me? Ga wanda nake so, shi ne ya goge miki mijinki?"

Ta ja ƙofar ta rufe. Dattijuwa ta tashi luf-luf, daɗin da ba ta yi ba a shekara guda, ta fice ta bar shi tsaye da baƙin mai a goshi.

A gida Auta ta yi iya dabararta. Ta tura kujerar baya, ta ɗan kwantar da ita, ta karkata madubin da ka. Washegari da safe ta laɓe a bayan labulen falo.

Ko minti ɗaya Umma ba ta yi a motar ba. Ta dawo da shayin ko kurɓa ba ta yi ba.

"Wa ya taɓa kujerar babanku?"

Auta ta durƙusa ta faɗi gaskiya duka. Yaya, babban wanta, yana bakin ƙofa yana ɗaure takalmi zai tafi ofis.

"Madalla!" ya ce. "Ga aikin Likitan naki nan. Tun yaushe nake cewa a rabu da akwalar nan? Ba ta wata biyu ba ta kwana a gareji ba! Akwai mai sayen kayan mota da ke ta bina, yau ɗin nan zan kira shi."

Duk sanda ya ɗauko wannan zancen, Umma takan ce ya rufe mata baki. Yau sai ta ajiye kofin a hankali.

"A sayar," ta ce. "Ba kowa a cikinta." Ta juya ta nufi ɗaki, sannan ta tsaya. "Shi kuma yaron, a ce ya dakata da zuwan Asabar. Ba ni da bakin karɓar baƙo."

Ranar Auta ba ta san me ta koyar ba. Sau tara Likita ya kira wayarta, sau tara ta kifa ta.

Bayan la'asar aka yi sallama. Auta ta leƙa. Likita ne, cikin kayan aikinsa masu dabbaren mai, tocila a hannu ɗaya, tef ɗin awo a ɗayan.

Yaya ya tare ƙofa. "Ƙarasa ta ka zo yi?"

"Gaishe da Umma na zo yi, Yaya."

"Wa ye yayanka?"

"Bar shi ya shigo," in ji Umma daga ciki.

Ya durƙusa har ƙasa. "Umma, ni na yi ɓarnar nan. Ban zo neman komai ba. Awa ɗaya nake roƙo kafin a sayar da ita."

"An ce ta manta."

"Ƙwaƙwalwarta ce ta manta, Umma. Jikinta bai manta ba. Mutum ba ya shekara ashirin a kujera ɗaya bai bar sawu ba."

Umma ta dube shi. Sannan ta miƙe ta gyara mayafinta.

A tsakar gida ya kwanta rub da ciki a bakin ƙofar motar, ya haska ƙarfen da kujerar ke tafiya a kai.

"Kun gani? Wuri biyu ne ƙarfen ya ci. Wannan na gaban na mai gajerun ƙafafu ne..." Auta ta harare shi cikin hawaye. "Wannan na bayan, mai zurfin, na Abba ne. Ga kuma ramin da diddigensa ya yi a shimfiɗa. Ga inda gwiwar hannunsa ta cinye fatar ƙofa." Ya matsar da kujerar har ta tsaya daidai kan shaidar. "Nisan ya samu. Amma kwanciyar baya da madubi, mutum ɗaya ne a duniya ya sani." Ya dubi Umma. "Kuma ina buƙatar mai tsayin marigayi ya zauna."

Duk suka juya ga Yaya.

"Ni ba na shiga motar nan," ya ce da sauri.

Sai a lokacin Auta ta tuna. Shi ne ya tuƙa Abba zuwa asibiti a cikinta ranar ƙarshe, ya dawo da ita shi kaɗai. Tun ranar ko mariƙin ƙofarta bai sake taɓawa ba. Ashe ba yawan lalacewarta ne ke damunsa ba!

"Shiga," Umma ta ce, ta zagaya ta zauna a gefenta.

Ya shiga kamar mai taka ƙaya. Likita ya tsuguna a gefe, yatsarsa a kan maɓallan kujerar.

"Baya kaɗan," in ji Umma. "Ƙara... Kai, ya yi yawa! Babanku tuƙi yake yi, ba barci ba. Dawo. Yawwa. Sitiyarin kuma ya yi ƙasa, ina za ka kai masa tumbinsa?"

"Ai Yaya ba shi da tumbi, Umma," Auta ta ce.

"To ɗauko filon kujera a falo!"

Haka aka cusa wa Yaya filo a cikin riga yana ta ɓata rai. Auta ta toshe baki. Likita ya cije leɓe har ya kusa jini.

"Gwiwar hannun hagu a jikin ƙofa. Hannun dama a kan giya..." Umma ta yi murmushi. "Ko a kan hannuna, in kun yi barci a baya."

"Umma!"

"To ƙarya zan yi?"

Saura madubi. Likita ya daidaita shi tsaf yana kallon gilashin baya.

"A'a. Karkato shi ta wajena."

"Umma, a haka ai rabin hanya kawai zai gani..."

"Na sani! Shekara ashirin ina masa faɗa a kan haka. Sai ya ce shi rabin ya ishe shi, ɗaya rabin yana da abin kallo. Ƙara kaɗan... kaɗan... Tsaya!"

Umma ta ƙura wa madubin ido. A cikin madubin idanun Yaya ne ke kallonta, manya, masu ruwa-ruwa, sak na mahaifinsa.

Yaya ya kifa kansa a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa.

"Na yi gudu, Umma... wallahi na yi iya gudun da motar nan za ta iya..."

"Na sani, ɗana." Ta dafa bayansa. "Ba laifinka ba ne, ba laifinta ba ne. Lokaci ne ya yi."

Auta ta waiga neman Likita. Ya koma can bayan motar ya juya musu baya, yana ƙwanƙwasa tayar da ba abin da ya same ta. Wani abu mai ɗumi ya tsarga mata daga ƙirji har yatsun ƙafa. Wannan ne mutumin da ta ji tsoron gaya wa sirrin gidansu?

Da kukan ya lafa Likita ya dawo, ya nuna wa Umma maɓallin da ke adana zaman kujerar. "Ke za ki danna da hannunki."

Ta danna. Motar ta yi ƙit.

Yaya ya fito, aka tura kujerar gaba can don gwaji. Umma ta miƙa hannu ta taɓa lamba ɗaya. Sai ga gunjin nan da suka sani... kujerar ta ja baya a hankali, sitiyari ya ɗaga, madubi ya juyo ya same ta.

"Sannu da dawowa," Umma ta faɗa can ƙasa-ƙasa.

Likita ya auna komai da tef, ya rubuta a ɗan kati, ya saka a aljihun gaban motar. "Ko batir goma aka canja, ba zai sake ɓacewa ba."

Yaya ya zaro filon daga rigarsa yana gyaran murya. "Mutumin can... zan ce masa ya nemi wata." Ya dubi Likita a kaikaice. "Amma gilashin bayan nan abin kunya ne. Kai wane irin likita ne?"

"Kayansa na hanya, Yaya."

Wannan karon bai ce wa ye yayanka ba.

Umma ta fito daga motar tana duban maɓallan. "Na biyu na Auta ne. Wannan na ukun fa?"

"Ba kowa a kansa, Umma."

"To shiga."

"Ni? Umma, kayana duk baƙin mai ne..."

"Dattijuwa ta fi ka sanin baƙin mai. Motar da ta tsufa haka tana buƙatar likita a cikin gida. Shiga, na ce! Ke kuma zauna a wurina mu ga."

Auta ta shiga, kunya kamar ta nutse. Likita ya zauna ya gyara kujerar.

"Kin yafe mini?" ya raɗa.

"Ni ce da laifi... da na gaya maka."

"To ki ɗaga waya in na kira. Sau tara fa, masoyiya!"

Ya kai hannu ga madubin, ya ɗan karkato shi ta wajenta.

"Kai!" Umma ta buga rufin motar. "Wannan madubin ya kalli hanya tukuna, sai an ɗaura aure! Asabar ina jiranka. Da wankakkun kaya!"

Washegari da safe Auta na shara a tsakar gida Umma ta fito da kofin shayinta, ta shiga gefenta ta rufe ƙofa. Ta gilashin bayan nan da ba ya rufuwa muryarta ta fito, har da 'yar dariya a ciki.

"Abban yara, gyara zama. Yau labarin da tsawo. Autarka ce ta samo mana likita..."