Baitin Kansila Pascall

A ajin adabin zambo na jami'a Kendell ya fara ganin Yolande, kuma da faɗa suka soma. Ya miƙe yana koɗa tsofaffin mawaƙan Ingila, masu kama sunan minista su yi masa tsirara cikin baiti biyu. Ita kuwa ko kai ba ta ɗago daga littafinta ba.

"Wannan ai yanka ne," in ji ta. "Marubutan Rasha sukan sa ka yi wa ƙaramin ma'aikaci dariya har ka ƙware, sai kuma tausayinsa ya kama ka."

"To 'yar Rasha, tausayi na gyara titi?"

"Ihunka na gyarawa?"

Aji ya ɗauki shewa. Da aka tashi Kendell ya saya mata ruwan kwakwa, wai don a ƙarasa gardamar.

Ba a jima ba saƙonni suka fara kai da kawowa.

"Masoyiyata, na gama littafin da kika ba ni. Na yi dariya, na ji tausayi, na kasa cin gurasar roti. Alhakina na wuyanki."

"Ci abincinka, mawaƙina. Ba na son ramammen miji."

Kendell mawaƙin kalifso ne, waƙar zambo ta ƙasarmu Trinidad. Duk shekara kafin bikin Kanibal yakan hau dandamali a San Fernando ya yi wa 'yan siyasa wankin babban bargo. Yolande kuwa 'yar Kansila Pascall ce, mutumin da ake cewa ya yanke ƙyallen buɗe gada ɗaya har sau uku, kowane zaɓe da nasa bikin. Baiti mafi zafi a sabuwar waƙar Kendell a kansa yake.

Da zancen aure ya je kunnen Kansila, sai ya haɗe rai.

"Mai waƙa? Ga ɗan abokina likitan haƙori yana ta zarya!"

"Dadi, ran da haƙori ya dame ni zan neme shi."

Kendell ya ji labari, ya yi wa kansa dabara: ya cire baitin. Ranar buɗe dandamali ya bi kansiloli ɗaya bayan ɗaya ya yi musu tas, ya tsallake surukin gobe. Ya koma gida yana jin ya yi abin kai. Da safe saƙo ya shigo.

"Me ka aikata? Dadi ya ce kada ka sake taka ƙofar gidanmu."

Ni dai na ce so kan mai da mai wayo wawa. Mu nan Trinidad, ɗan siyasar da ba a sa shi a kalifso ba, ai an manta da shi ke nan. Kendell ya fi kowa sanin haka, amma tsoron rasa Yolande ya rufe masa ido.

Ya je gidan duk da haka. Kansila na baranda yana huci.

"Kai yaro, ni ka raina? Har mai gyangyaɗi a taro ya samu baiti! Jiya mai kifi a kasuwa ke tambayata ko na yi ritaya, ga zaɓe na tafe!"

"Yallaɓai, girmamawa ce."

"Riƙe abarka. Mai ɓoye gaskiya don tsoron suruki zai ɓoye wa 'yata ma. Ranar Asabar ina kujerar gaba. In ka lallaɓa ni, ka manta da ita. In ka zubar mini da mutunci, ka manta da ita."

Kendell ya fito. Yolande ta tare shi a gindin mangwaro, ta riƙo hannunsa.

"Ka soke shi da gaskiya, amma ka bar masa wurin tsayawa. Ka san dalilin da yake son gadar nan? Yana yaro, rafin yake ratsawa zuwa makaranta, littattafai a ka."

Ranar Asabar wuri ya cika maƙil. Kendell ya dubi kujerar gaba, ya saki murya:

Kansila Pascall mai almakashi,
Gada ɗaya, biki uku, babu gajiya!
Yaro ne da ya sha ruwa a hanyar makaranta,
Ku bar shi ya buɗe, har yau bai gaskata an yi gadar ba.

Jama'a suka kece da dariya, sannan kowa ya zuba wa Kansila ido. Ya miƙe yana goge ido da bayan hannu.

"Sau huɗu ne, ja'iri! Koyi ƙirge!" Ya ɗaga hularsa sama. "Zo ka ɗauki matarka!"

Bayan bikin Ista aka ɗaura aure a coci, murna har ba a magana. Wurin liyafa Kansila ya dafa kawunansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu baki irin naku. Amma in sun tashi waƙa, su fara da kakansu na wajen uba."

Kowa ya ce amin, har mahaifin Kendell.