Inuwar Rumen a Gindin Hasumiya

Rumen ne ya nace sai mun ga hasumiyar agogo kafin rana ta faɗi. Mijina mutum ne da in ya shiga tsohon gari ba ya barin dutse ɗaya bai taɓa shi ba. Tun safe muke yawo a garin nan na kan tudu, mun shiga coci, mun ci banitsa, wata wainar fulawa da cuku, da zafinta a bakin gada, ƙafafuna har sun kumbura. Na ce mu koma masauki. Ya ce mace mai raki ba ta ganin duniya, ya ja hannuna.

Lokacin kaka ne, ana ta gasa tattasai. Ƙamshinsa na fitowa daga kowane tsakar gida. Amma muna shan kwanar da ta kai mu filin hasumiyar, ƙamshin ya yanke, sai warin jiƙaƙƙiyar farar ƙasa. Inna Dafina, mai masaukinmu, ta gaya mana da safe cewa bangon gabas na hasumiyar ya gagari magina, duk lokacin da aka tayar da shi sai ya zube. Ga shi kuwa, an sake tona gindinsa, an jera sababbin duwatsu zuwa gwiwa. Lahadi ce, ba ma'aikaci ko ɗaya.

Rumen ya miƙo mini waya, ya tsaya ya riƙe ƙugu, wai in ɗauke shi yadda zai fito kamar mai garin. Rana na bayana. Dogo ne dama, sai inuwarsa ta miƙe a ƙasa, ta haye ramin, kanta ya kwanta a kan sabon ginin.

A nan na ji ƙarar. Ƙar, ƙar, kamar ana goga ƙarfe a dutse.

Wani tsoho ne tsugune a bayan Rumen, da hular fata irin ta mutanen da, hannuwansa fari fat da farar ƙasa. Ban ga ta inda ya fito ba. Yana riƙe da dogon kara. Ya ɗora gindin karan a duga-dugan mijina, ya kwantar da shi a kan inuwar a hankali, yana bi da yatsa yana motsa leɓe.

Rumen ya waiwaya ya yi dariya. "Sannu da aiki, Kaka. Ɗinki za ka yi mini?"

Ni ban yi dariya ba. Kakata 'yar magina ce, tun ina ƙarama take hana ni wucewa kusa da sabon gini da yamma. Ta ce bangon da ya ƙi tsayawa rai yake nema. Sai magini ya auna inuwar baƙo da kara, ya binne karan cikin ginin. Bango ya tsaya, mai inuwa kuma ba ya kai kwana arba'in.

Na ce, "Rumen, matsa daga nan."

Ya yi yunƙurin ɗaga ƙafa. Ta ƙi.

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya dube ni, ya ce a hankali, "Nevena, sanyi nake ji."

Sai na lura. Hasumiya na da inuwa. Tarin yashi na da inuwa. Har bokitin da aka kife yana da tasa. Tsohon ba shi da ko kaɗan.

Ya kai ƙarshen awon. Ya sa farce ya yi wa karan shaida daidai kan inuwar.

"Dogon mutum," ya raɗa. "Wannan karon zai tsaya."

Ban san lokacin da na yar da wayar ba. Na faɗa ramin, na cafke karan da hannu biyu. Sanyinsa ya ratsa ni har haƙora. Tsohon bai ɗago ba, ja kawai yake yi, ƙarfinsa ba na tsoho ba ne. Gwiwoyina na gurzar dutse. Ina jin numfashinsa, warin ƙasar kabari.

"Saki, 'yar nan. Ba naki ba ne."

"Mijina ne."

Na kwanta a kan karan da dukan nauyina.

Ƙas.

Na faɗi ta baya, dogon ɓarin na hannuna. Rumen ya zube a kan gwiwa. Da na ɗago, tsohon ya riga ya cusa guntun da ya rage masa tsakanin duwatsu biyu, ya shafe da farar ƙasa. Guntun bai wuce taƙi ɗaya ba. Na wajen kai ne.

Na ja Rumen muka gudu, ban waiwaya ba. Ƙar, ƙar ɗin nan ta bi mu har kan gada.

Inna Dafina na ganin karan ta yi alamar gicciye, ta rufe taga. Ba ta tambaye mu komai ba. Ta ce kada in ƙone shi, kada in yar, in ɗinke shi cikin katifarsa, kuma mu bar garin da motar farko.

Kwana arba'in sun wuce, Rumen bai mutu ba. Na gode wa Allah, ina kuma godewa. Yana ci, yana zuwa aiki. Sai dai barkwancin nan nasa ya tafi, kuma wani lokaci yakan tsaya yana kallona kamar mai neman sunana. Ba ma fita da rana tsaka tare, don ba na iya kallon ƙasa. Inuwarsa a kafaɗa take ƙarewa.

Na ji an ce bangon ya tsaya, baƙi na zuwa suna ɗaukar hoto a gindinsa.

Jiya da yamma na tarar da shi a tsakar gida, ya jingina goshi da bango. Na kira shi cin abinci. Bai juyo ba.

"Nevena, wurin nan da matsi," ya ce. "Kuma ba ni kaɗai ba ne a ciki."