Bayan Inna Kawai Za a Ɗauka

Ranar da Abdulmannan ya fara ganin Bintu, ba masoyiya ya fito nema ba, muguwa ya fito nema. Kwana tara ke nan yana gwada 'yan mata a wani ajin makaranta a Haɗejiya, yana neman wadda za ta fito a 'Yar'azumi, matar da ke azabtar da uwar mijinta a wasan kwaikwayon da yake shirya wa wata ƙaramar tashar talabijin. Duk wadda ta zo sai ta murguɗa baki ta hau ihu kamar mai tallan kifi. Shi kuwa ya kasa zaune ya kasa tsaye, sai safa da marwa yake yana yamutsa hularsa.

Bintu rakiyar ƙawarta ta yi. Malamar firamare ce, 'yar Malam Fannami mai sayar da banda, kuma ba ta iya ɓoye dariya ba.

"Me ya ba ki dariya?" in ji shi.

"Yi haƙuri Malam darakta. Na ga kowa na ihu ne, alhali mugu a hankali yake magana."

Ya miƙa mata takardar. Ta karanta layi biyu da murya mai sanyi, har da ɗan murmushi, sai da tsigar jikinsa ta tashi. Da ta ɗago ta ce, "Na ɓata ko?" sai bawan Allah ya tsaya yana kallonta, don ba wasan yake tunani ba kuma.

Malam Fannami ya ja da farko, daga baya ya yarda bisa sharaɗin tana gida kafin magariba. Aka shiga aiki, soyayya kuma ta shiga tare da aikin. Da rana ya sa ta maimaita fitowa ɗaya sau goma, da yamma ya rubuto mata:

"Muguwata, kin isa gida lafiya? Yau kin sa mai kyamara kuka. Ni kuma kin hana ni cin abinci."

Ita kuma ta mayar masa:

"Na isa, Daraktan zuciyata. Ka ci abinci. Kuma ka gyara maganar shafi na huɗu, babu tsohuwar da ke magana kamar mai karanta labarai."

Yana gyarawa kuwa, don gaskiya ta fi shi kunnen jin maganar mutane.

Shirin ya karɓu fiye da zatonsu. Daga Malam Madori har Auyo, ranar Asabar da la'asar mata kan bar daka su taru kallo a gidan mai sola. A kasuwa aka daina kiran Bintu da sunanta, wata mai kuɓewa ma ta ƙi sayar mata. Abin ya ba su dariya, har ranar da Abdulmannan ya je Guri ya gaya wa mahaifiyarsa, Inna Mairam, wadda yake so ya aura.

"Wace Bintu?"

"Wadda take fitowa a 'Yar'azumi, Inna."

Inna ta ajiye faifan da ke hannunta. "Wadda ta kulle tsohuwa a ɗakin awaki? Ita za ka kawo mini?"

"Inna, wasa ne fa."

"Na san wasa. Amma abin da babu a ran mutum ba ya fitowa a idonsa haka. Ni kaɗai gare ka, kai kaɗai gare ni. In ka gaji da ni ka faɗa."

Abin da bai sani ba, an riga shi. Musaddiq, wanda ke fitowa a mijin 'Yar'azumi, ya daɗe yana son a mayar da auren talabijin na gaske. Ya taɓa biyawa gaida Inna, da ta tambaye shi halin yarinyar sai ya sosa ƙeya ya ce, "To, Inna, ita dai ba ta sha wahalar koyo ba." Bai yi ƙarya ba, amma ya san abin da ya shuka.

Hankalin Abdulmannan ya tashi. Kwana biyu yana rubutu yana yagewa, rana ta uku ya kawo wa Bintu sabon ƙarshen labari: 'Yar'azumi ta yi mafarki, ta farka ta tuba, ta wanke wa surukarta ƙafa.

Ta karanta ta mayar masa. "Ba zan yi wannan ba."

"Bintu, aurenmu nake ceto."

"Wata huɗu mata suna kallo don sun san irin matar nan, wasu a gidanta suke. Sai ka ce musu mafarki ɗaya ke gyara ta? In Inna za ta karɓe ni, ni za ta karɓa, ba wata tubabbiyar ƙarya ba."

"Ashe wasan ya fi ni a wurinki."

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai. Da yamma saƙonta ya shigo:

"Kai ka koya mini kada in yi wa kyamara ƙarya. Yau kuma kana so in yi wa mahaifiyarka. Sai da safe, Malam darakta."

Kwana goma sha ɗaya ba Muguwata ba Daraktan zuciyata. Ya rame, ta rame, kowa na duba waya yana mayarwa aljihu. Ya haƙura ya bar tsohon ƙarshen yadda yake, amma girman kai ya hana shi ba da haƙuri.

Kashi na ƙarshe yana bukatar gidan da ruwa ya zo har ƙofa, damina kuwa ta kai kogi bakin gidan Inna Mairam. Ta ba da aron tsakar gida, ba don komai ba sai don ta ga yarinyar da idonta. Suka iso Guri da hantsi, rabi a babur rabi a kwalekwale. Suna sauke kaya waya ta shigo: ruwa ya yanke hanyar Auyo, Baba Hafsatu mai fitowa a uwar miji ba za ta iso ba. Jibi ake jiran shirin, ga hadari yana haɗuwa ta gabas.

Mai kyamara ya ce, "Fuskar 'Yar'azumi ake so. A samu wata tsohuwa ta yafa mayafin, bayanta kawai za a ɗauka."

"Kawo mayafin," in ji Inna.

"Inna, don Allah…"

"Na ce kawo."

Ta zauna a tabarma, akushin tuwo a gabanta, kyamara a bayanta. Bintu ta durƙusa suna fuskantar juna. Aikinta shi ne ta janye akushin ta ce tsohuwa ta riga ta ci zamaninta.

"Akshin!" in ji Abdulmannan.

Bintu ta kai hannu, sai ta tura akushin gaban Inna maimakon ta janye. Aka sake. Ta buɗe baki, hawaye suka riga magana fitowa. A karo na uku ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi ba zan iya ba."

Inna ta ƙura mata ido. "To ke da Hafsatu yaya kike yi?"

"Kafin mu fara nakan roƙe ta gafara, Inna. In mun gama in sake roƙa."

"Maganganun fa? Daga kanki suke fitowa?"

Bintu ta kau da kai, don ba ta so ta tona Abdulmannan. Musaddiq ya shiga gyaran takalmi. Abdulmannan ya matso ya durƙusa.

"Ni nake rubutawa, Inna. Har da ɗakin awakin."

Inna ta tafa hannu ta yi salati. "Kai? Wata huɗu ina Allah-wadai da 'yar mutane, ashe ɗan da na goya ne ke zama yana tunanin yadda za a hana tsohuwa tuwo!" Ta ɗauki mafici ta kai masa ɗaya a kafaɗa, mutane suka fashe da dariya. Sannan ta juyo ga Bintu, muryarta ta sauka. "Share hawayenki. Na yafe miki tun kafin ki faɗa. Yi shi yadda kika saba, kada ki ɓata wa mata kallo. Ga ruwa nan tafe."

Bintu ta ja numfashi. Ta janye akushin a hankali, ta yi murmushin nan da ya hana garuruwa sukuni.

"Inna, ruwa ya cinye gonar ɗanki. Shinkafar da ta rage ba ta isa baki uku ba. Ke ai kin ci zamaninki."

Kafaɗun Inna suka girgiza, kyamara ta ɗauka. Ba wanda ya ce ta yi haka, kuka take da gaske. Abdulmannan ya manta da cewa a tsaya, sai mai kyamara ne ya ce "Kat!" Bintu ta faɗa jikin Inna tana ba da haƙuri, Inna ta rungume ta tana bubbuga bayanta, yayyafi ya fara sauka a kansu.

Suna cikin kwalekwale a hanyar komawa wayarta ta yi ƙara, alhali Abdulmannan yana zaune taku biyu daga ita:

"Muguwata, na yi kuskure. Ki yafe mini."

"Na yafe, Daraktan zuciyata. Amma zan gaya wa Inna in ka ƙara."

Bayan an yanke shinkafa aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Fannami, Musaddiq ma ya zo ya yi addu'a kansa a ƙasa. Da aka kai amarya Guri, mata suka cika gida suna leƙenta, wata ta kasa haƙuri ta ce, "Mairam, da hankalinki kika kawo 'Yar'azumi gida?"

Inna ta jawo Bintu ta zaunar da ita a kan tabarmarta, ta dafa kanta.

"Wannan sai da na roƙe ta kafin ta iya faɗa mini baƙar magana. Ku nuna mini surukar da za ta yi haka a cikin naku." Ta juyo ga amarya. "Allah Ya yi miki albarka, Bintu. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Shi kuma wancan, ki riƙa duba abin da yake rubutawa, don shi ne abin tsoro a gidan nan."

Gida ya ɗauki guɗa da amin. Bintu tana dariya cikin mayafi tana hawaye, hannunta riƙe da na Inna.