Injina Shida a Layin Ebba

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto Torvald Niemi zuwa tsohuwar masana'antar katako ta bakin kogi, wadda aka mayar gidan injinan haƙar kirifto, wato kuɗin intanet. Ya iso da kofinsa a hannu, ya riga ya huce.

Manaja Ylva Granlund ta tarbe shi, ta miƙa masa abin toshe kunne. A ciki fankoki na ta ruri, zafi kamar gidan burodi. Ta nuna masa gurabe shida wayam a kan kanta.

"Nan layin ma'aikacinmu Pontus ne," ta ce da ƙarfi. "Sababbin injina shida sun bar wurinsu. Mun gan su a layin Ebba, abokiyar aikinsa. Nata tsofaffi shida kuma babu su a ginin nan."

"To wa kike zargi?"

"Ita mana. Ƙarshen wata zan sallami mutum ɗaya cikin su biyun, wanda layinsa ya fi rauni. Kowa ya sani. Ka tafi da ita, na gaji."

Niemi ya dubi injin ɗaya, ya gwada ɗaga shi. Bayansa ya amsa. Ya ajiye.

A ofis ya samu Pontus, ɗaya ma'aikacin, yana cin burodin kirfa gaban kwamfuta.

"Yi min bayani kamar kana yi wa kakarka," in ji Sufeto.

"Kakata ta fi ka saurin ganewa," Pontus ya ce yana dariya. "Gayya ce. Kamfanoni da yawa ke haɗa ƙarfin injinansu wuri ɗaya, a haƙa tare a raba. Don a san aikin kowa, kowane inji ana rubuta masa sunan ma'aikacin da ke kula da shi. Ga nawa, ga na Ebba."

Sufeto ya matso. Ƙarƙashin sunan Pontus komai kore ne. Ƙarƙashin na Ebba, shida sun yi ja.

"An kwashe maka shida, amma ba ka rasa komai ba?"

"Ko ɗaya. Sunan a cikin injin yake, ba a jikin kanta ba. Kai shi ko'ina, ni yake yi wa aiki."

"In mutum na son aikinsu ya koma sunansa fa?"

"Daga kujerar nan zai canza sunan. Kafin in gama wannan burodin ya gama."

"Ebba ta san haka?"

Pontus ya daina tauna. "Ita ta koya min."

"Inji in ya mutu, wa ke fara sani?"

"Mai sunan. Wayarsa za ta yi ta kuka har ya tashi."

Ebba Lehto tana ɗakin shan kofi, hannayenta cikin aljihun rigar aiki. Idanunta sun kumbura.

"Jiya wayarki ta yi kuka?"

"Ta yi."

"Kika zo?"

"Ban zo ba." Sai ta sauya magana. "Na zo. Ni na ɗauka. Rubuta kawai."

"Ke kika sunkuci injina shida daga wancan layi zuwa wannan, kika bar sunan Pontus a cikinsu?"

"Na manta."

"Tsofaffin fa?"

"Na jefa su kogi."

Niemi ya dubi taga, ya hango kogin a daskare. Wasu mutane biyu na zaune a tsakiyar kogin kan kujeru, sun huda ƙanƙara suna kamun kifi.

"Wancan kogin?"

Ta kau da kai. Ya murza idanunsa. Ya sha jin ƙarya a aikin nan, amma wadda ake yi don kare wani ta fi gajiyar da shi.

Ya fita ya zaga ginin. Dusar ƙanƙarar da ta zuba jiya tana nan jibge a ƙofar gaba, ma'aikata sun tattaka ta da ƙafa. A ƙofar baya kuwa an share hanya tas, faɗin tarakta, daga titi har bakin ƙofa.

"Wa ke share muku fili?" ya tambayi manaja.

"Arvo. Yana da makullin baya. Amma ya bugo ya ce taraktarsa ta lalace tun Asabar." Ta tsaya. "Arvo Lehto. Baban Ebba ne."

Gidan Arvo na ƙarshen gari. Sufeto ya same shi a tsakar gida yana faskare, dattijo ne gajere mai kauri. Tarakta na gefe.

"Torvald, shigo ka sha kofi."

"Na sha na yau. An ce taraktarka ta mutu."

"Batir ne."

Niemi ya hau, ya murza makulli. Ta tashi nan take. Ya kashe, ya sauko a hankali.

"Arvo, 'yarka ta ce ita ta sata. Yanzu zan koma in ɗauke ta."

Gatarin ya zame daga hannunsa. Ya je ya buɗe gareji. Tsofaffin injinan shida na jere bisa katako, an lulluɓe su da bargon gado.

"Don kada sanyi ya taɓa su," ya ce. "Ba sata na yi ba. Musanya na so in yi. In sa mata sababbi, in kai wa yaron can tsofaffi. Na cire na gama, sai filoginsu ya ƙi shiga soket ɗin layinsa. Na rasa yadda zan yi, na kwaso su kafin in samo abin haɗawa."

"Don me?"

"In aka sallame ta, ina wani aikin a garin nan? Kudu za ta tafi. Yayanta ya tafi, sai Kirsimeti nake jin muryarsa. Uwarsu ta rasu. Na ce in layinta ya yi ƙarfi za su bar min ita."

"Aikin duk ga Pontus yake tafiya. Nata ka rage."

Arvo ya dube shi. "Ai a kan kantarta na ɗora su."

"Kanta ba ta da suna."

Dattijon ya zauna kan kututture, ya cire hula.

Suna nan motar Ebba ta tsaya a bakin shinge. Ta fito da gudu, ta ga gareji a buɗe, sai ta rage sauri.

"Baba, me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Da kin hana ni."

"Da na gaya maka." Ta matso kusa da shi. "Na samu aiki a birnin Göteborg, can kudu. Ni da kaina zan ce wa Ylva ta bar Pontus. Na kasa samun bakin faɗa maka ne."

Arvo ya daɗe yana kallon hular da ke hannunsa.

"Sai mun je ofis, Arvo," in ji Sufeto. "Za ka ba da bayani, sauran na mai gabatar da ƙara ne."

Dattijon ya tashi, ya bi shi har mota. Niemi bai sa masa ankwa ba, ya dai buɗe masa ƙofar baya. Kafin ya shiga, Arvo ya waiwayo.

"Kin samu ɗaki a can?"

"Na samu, Baba."

"Ba a ƙasa ba dai ko? Ruwa ake yi a garin, ɗakin ƙasa danshi gare shi, ke kuma ga ƙirjinki."

"Hawa na uku ne."

Ya gyaɗa kai, ya shiga, ya ja ƙofar da kansa.